Kwana Biyar da Sunan Kawu

Mai Kushin bai taɓa yin ƙarya a wurin aiki ba sai ranar wata Litinin, kuma da ya tashi yi bai tsaya wasa da ƙanana ba, kawunsa ya kashe ɗungurungum.

Ba mugunta ce ta sa shi ba. Ranar Asabar da hantsi matarsa tana shanya kaya a baranda ta ji mararta ta murɗa. Kafin rana ta take suna asibiti, kafin ta yi sanyi likita ta fito ta ce musu cikin ya zube. Wata huɗu ne da 'yan kwanaki, kuma shi ne na farko a shekara uku da aurensu. Aka yi mata wankin ciki, aka haɗa ta da magunguna, ranar Lahadi da yamma Kawu ya ɗauko su a tsohuwar motarsa ya kawo su gida. Suna shiga ta zauna a bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba, ta ce, "Don Allah kada ka bar ni ni kaɗai a gidan nan satin nan. Ba na son taro, kai nake so ka zauna." Nan take ya ce ya yi alkawari. Ita mace ce da ba ta iya roƙo ba, ko gishiri ne ya ƙare sai dai ta ce ya ƙare, don haka wannan "don Allah" ta tsaya masa a ƙirji.

Alkawari a baki ba wuya. Hutunsa na shekara ya riga ya cinye shi tas wurin tashi daga tsohon gida zuwa wannan. Hutun rashin lafiya sai da takardar likita mai ɗauke da sunan ma'aikacin, shi kuwa ko mura ba ta kama shi. Saura hutu guda, wanda ke rubuce a allon dokoki kusa da agogon bango a masana'antar kujerun da yake aiki: kwana biyar ga wanda aka yi wa rasuwa, in mamacin uwa ce ko uba, mata ko miji, ɗa ko 'ya, ɗan'uwa na jini, ko wanda ya riƙe mutum tun yana ƙarami. A ƙasan wannan, da jan fenti, an rubuta cewa duk wanda ya nemi hutun rasuwa ba a yi masa rasuwa ba, a bakin aikinsa.

Ranar Litinin da sassafe ya ce mata awa ɗaya kawai zai yi. Ya isa ana kunna babban zarto, ƙamshin ɗanyen katako da gam ya cika rumfar. Ya wuce kafintoci, ya wuce lungunsa inda soso ke jibge har rufi da bandiran yadi jingine da keken ɗinki, ya tsaya gaban allon. Sau uku yana karanta "ɗa ko 'ya". To, wanda ba a ga fuskarsa ba, ba a raɗa masa suna ba, wanda nas ta ce musu a kansa, "Ba komai, ai da sauran ƙuruciyarku," shi ma yana cikin lissafi? Ya duba allon sama da ƙasa, ya ga kamar ba da shi yake magana ba.

Ofishin Manaja ɗan ɗaki ne na gilashi a ƙarshen rumfar. Mace ce mai tabarau rataye a wuya, ta gaji masana'antar daga mahaifinta, ta san inda kowace ƙusa ta kwana. Ƙofar ofishin nan ba ta rufuwa, shekara shida ke nan, a wurin da kafinta goma sha ɗaya ke cin abinci. Kuma kamar an aiko shi, Mai Fenti yana ciki yana neman makullin sito. Mai Fenti mutum ne mai kirki, sai dai abin da kunnensa ya ji da safe, kafin a tashi cin abincin rana har direban motar kai kaya ya haddace shi.

"Ranki ya daɗe, an yi mini rasuwa," in ji Mai Kushin.

Ta ajiye biro. "Allah ya ji ƙai. Wa ya rasu?"

Ya buɗe baki. Da gaskiyar ya zo, har ya shirya ta a hanya. Amma a rumfar nan maza suna iya kwashe awa biyu suna gardamar ƙwallo, su zagi gwamnati, su nuna wa juna ƙurjin da ya fito musu a baya, kuma tun da ya fara aiki bai taɓa jin ɗayansu ya ce matata tana da ciki ba. Sai dai wata safiya mutum ya zo da alewa ya ce an sauka lafiya. Kalmar ɓari ta zo masa har maƙogwaro ta maƙale kamar ƙayar kifi, ga Mai Fenti ya daina neman makulli ya zuba masa ido.

"Kawu," ya ce.

"Kawun da ya riƙe ka?"

"Shi."

Babu wanda ya taɓa ganin Kawu a masana'antar, amma kowa ya san shi a labari: shi ya ɗauki Mai Kushin bayan rasuwar iyayensa, shi ya kai shi koyon sana'a yana riƙe da kunnensa. Manaja ta jawo fom ta cike, ya sa hannu. Mai Fenti ya rungume shi har ya bar masa shuɗin fenti a kafaɗa. A hanyar gida yana ta rarrashin kansa da cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

"Sun ba ka?" matarsa ta tambaya daga kwance.

"Kwana biyar."

"Ka faɗa musu abin da ya faru?"

"Na ce musu an yi mana rashi."

Ta ce, "Ashe suna ƙirga irin wannan. Allah ya saka musu da alheri." Ya ga fuskarta ta saki, karon farko tun Asabar. Da ya so gyara maganar, a nan ya kamata ya gyara. Sai ya tashi ya ce bari ya ɗora ruwan shayi.

Litinin da Talata suka wuce cikin abin da ba za a kira daɗi ba, amma ba su yi muni ba. Ya dafa shinkafa, ƙasanta ya ƙone samanta bai nuna ba, abin da ta ce sai mai baiwa ne zai iya haɗa su a tukunya ɗaya. Ta yi dariya har ta riƙe ciki ta ce ya daina, ciwo yake mata. Ya yi wanki, ya mayar da farin zanen gado ruwan hoda. In wayarta ta yi ƙara, uwarta ce ko yayarta daga nesa, maganar kuma ɗaya ce: ki kwantar da hankalinki, wani na tafe. Ta amsa da to, ta kife wayar, ta juya wa ɗaki baya. A irin wannan lokacin ba ya cewa komai, sai ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon har numfashinta ya daidaita. Ya gane zaman nan shi ne aikin da ta ɗauke shi.

Ta ce ba ta son taro, amma Kawu ba taro ba ne. Kullum da hantsi sai ya zo da lemo da ayaba, ya leƙa ɗaki ya ce, "'Yata, ya ƙarfin jiki?" sannan ya fita harabar gidan ya tusa kai a injin motarsa, yana gyaran abin da bai lalace ba har sai ya lalace. Gajeren tsoho ne mai ƙiba da farin gashin baki, lafiyayye kamar zai ƙara wasu shekara saba'in. Duk sanda Mai Kushin ya miƙa masa shayi sai ya kasa haɗa ido da shi.

Ranar Laraba bayan an ci abincin rana, Mai Kushin yana wanke-wanke a kicin, hannu dumu-dumu cikin kumfa, sai ya ji hon. Ya san hon ɗin nan kamar yadda ya san tarin Kawu. Motar kai kaya ce ta masana'anta. Ya leƙa ta taga, ya ga bencina jibge a bayanta.

Ga abin da ya manta. Tun zamanin mahaifin Manaja, in aka yi wa ma'aikaci rasuwa, ana ba shi kwana biyu ya ji da dangi, sannan a rufe rumfa da rana tsaka, a loda bencina goma sha biyu a mota, a tafi gidansa gaba ɗaya. Mahaifin nata ya ce su masu kujeru ne, abin kunya ne baƙin ma'aikacinsu su zauna a ƙasa. Mai Kushin da kansa ya kai bencinan nan gida huɗu, biyu daga cikinsu ma shi ya yi musu kushin saboda tsofaffi. Yadda mutum zai manta abin da kafaɗarsa ta ɗauka sau huɗu, wannan sai a tambayi mai ƙarya.

Mutum goma sha tara suka diro daga motar, kowa da dusar katako a gira. Manaja ta fito daga gaba. Kawu ya zaro kai daga injin, ya goge hannu, kuma da yake ba ya iya ganin aiki ya tsaya kallo, sai ya kama gefen benci guda, Mai Fenti ya kama ɗaya gefen. Tagar kicin a buɗe take, Mai Kushin yana jin komai.

"Sannunku da zuwa," in ji Kawu. "Wane taro za a yi?"

"Ta'aziyya muka zo, Baba. Kawun mai gidan nan ne ya rasu."

Kawu ya sauke gefensa a hankali. "Wane kawun?"

"Wanda ya riƙe shi. Ranar Asabar, in ji shi."

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Ni kuwa ko labari ban ji ba."

"Ka san shi ne, Baba?"

"Farin sani. Tare muke kwana, tare muke tashi." Ya juyo ya dubi tagar kicin, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya sunkuya ya sake kama bencin. "Mu kai shi can inuwa, ɗana, kada rana ta doki masu gaisuwa."

Babu ƙofar baya a gidan, da wataƙila labarin ya ƙare daban. Mai Kushin ya fito da tawul a kafaɗa. Aka zaunar da shi a benci mai kushin, aka jeru, Babban Kafinta, dattijon da ya fi kowa daɗewa a rumfar, ya yi wa mamaci addu'a. Kawu ya zauna a tsakiyarsu, kuma babu wanda ya kai shi ƙarfin amin.

Bayan addu'a sai aka shiga yabon mamaci, kuma ba a buƙatar a faɗi wanda ya buɗe fage. "Ni ban taɓa ganinsa ba," in ji Mai Fenti, "amma daga jin labarinsa ka san mutum ne mai sanyin hali, ba ruwansa da faɗa."

"A'a, yana da faɗa," in ji Kawu. "A faɗi gaskiya ko a kan mamaci ne. Amma kyakkyawa ne, wannan ba a ƙwace masa ba."

"Ya daɗe yana jinya?" wani ya tambayi Mai Kushin.

"Bai yi jinya ba," ya amsa, idonsa a kan yatsun ƙafarsa.

"Haka ne," in ji Kawu. "Lafiyarsa ƙalau. Shi kansa abin ya zo masa ba zato."

Aka girgiza kai, aka ce rai ke nan. Direba ya ce haka aka yi da wani maƙwabcinsa, yana cikin aski. Kawu ya nemi a faɗa masa abin da yaron yake cewa game da marigayin a wurin aiki, aka ba shi labarin jan kunne, ya ce an rage, kunne biyu ne. Mai Kushin ya gane Kawu ba zai tona shi ba, sai dai zai gasa shi a hankali, ya juya shi, ya sake gasawa. Ya ce a ransa in iyakarta ke nan zai jure, nan da rabin awa za su tafi, aikinsa na nan, sauran kwanakinsa biyu na nan.

Sai ƙofar falo ta buɗe. Matarsa ce. Ta wanke fuska, ta canza kaya, ta yafa mayafinta mai kyau wanda ba ta sawa sai za ta fita unguwa. Kwana huɗu ba ta taka ko baranda ba. Ta ji mota, ta leƙa ta ga bencina da mutanen wurin aikin mijinta, kuma ita da ta ce ba ta son taro, sai ta ga wannan taron daban ne: mutane sun rufe wurin sana'arsu da rana tsaka sun zo saboda ɗanta. Yana ganin yadda ta tsaya riƙe da ƙofa ya san abin da ta ɗauka.

Manaja ta miƙe ta je ta kama hannunta. "Sannu, ƙanwata. Ya haƙurin rashin Kawu? An ce kamar uba yake a wurinku."

Matar ta dubi Manaja. Ta dubi Kawu, zaune da kofin shayi a gwiwa. Sannan ta dubi mijinta. Ba ta daɗe ba, mace ce mai saurin fahimta. Ya ga abin ya shige ta, ya ga hasken da ta fito da shi ya mutu a fuskarta.

"Da godiya," ta ce. "Allah ya ba da lada. Mun gode da zuwa."

Ta rufa masa asiri. Ta juya za ta koma ciki, tana jan ƙafa saboda jikin bai gama warwarewa ba. Da ta tona shi a gaban mutane da ya fi masa sauƙi. Ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, ba ta ƙaryar ba, ta ganin cewa ya samo mata kwana biyar ta hanyar ɓoye ɗansu kamar abin sata, kuma yanzu ita ma ya sa ta taya shi ɓoyewa.

Ya miƙe. Tawul ɗin ya faɗi.

"Ranki ya daɗe," ya ce. "Ga Kawu nan zaune. Shi ne mai farin gashin bakin."

Mai Fenti, wanda kafaɗarsa ke gogar ta Kawu, ya matsa har ya kusa faɗowa daga ƙarshen bencin.

"Ƙarya na yi. Rashin dai an yi mana, amma ba shi ba ne." Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta juyo ba. "Ciki ne da ita, wata huɗu. Ranar Asabar ta yi ɓari. Ɗanmu ne ya rasu, na farko. Ta ce in zauna da ita, na yi mata alkawari, ba ni da wani hutu. Na ga an rubuta ɗa a allo, ban sani ba ko ana ƙirga wanda bai iso ba. Kuma na kasa faɗa a gaban mutane. Abin da kika ga ya dace ki yi, amma sauran kwana biyun nan, ko a bakin aikina ne, a gida zan yi su."

Mazan nan goma sha tara, masu gardamar ƙwallo, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Manaja ta ɗora tabarau a hanci, wanda a rumfa alama ce ta cewa wani zai ji a jikinsa.

Babban Kafinta ne ya yi gyaran murya. Mutum ne da kan yi kwana uku bai ce komai ba ban da a miƙo guduma. "Allon nan ni da mahaifinki muka tsara shi," ya ce wa Manaja. "Ni na riƙe, shi ya rubuta. Ba mu sa wannan ba, kuma ba don ban sani ba. Sau biyu aka yi a gidana. Duka biyun washegari na ɗauki jakata na tafi aiki, na ce maganar mata ce." Ya shafa gwiwarsa. "Shekara talatin da wani abu ke nan. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Amma har yau in aka tambaye mu 'ya'yanmu nawa, ni in ce biyar, ita ta ce bakwai."

Wani daga baya ya ce a hankali, "Mu ma bara." Babu wanda ya juya ya ga ko waye, kowa ya san muryar direba.

Manaja ta dubi Mai Kushin ta saman tabarau. "Ƙarya dai ka yi mini, a ofishina, ka kuma sa hannu."

"Na yi."

"Jan rubutun cewa ya yi wanda ya nemi hutun rasuwa ba a yi masa rasuwa ba. An yi maka ko ba a yi maka ba?"

"An yi mini."

"To aikinka na nan. Fom ɗin za a gyara, a rubuta ɗa. Amma kada ka ƙara, ba na son in sake rufe rumfa in zo gaisuwar mai rai." Ta juya. "Mai Fenti, gobe kafin ka taɓa komai ka ƙara layi a allon nan. Wadda ta yi ɓari, da wanda matarsa ta yi, kwana biyar. Manyan baƙaƙe, yadda mai jin kunya zai nuna da yatsa ba sai ya buɗe baki ba."

"An gama, ranki ya daɗe," in ji Mai Fenti, wanda har yanzu yana satar kallon Kawu.

Manaja ta ƙara da cewa, "Kwana ukun da suka wuce kuma na Kawu ne, ya riga ya ci abinsa. Naku biyar daga gobe za su fara."

"Madalla," in ji Kawu. "Ni ma ina da ƙara, ranki ya daɗe. An kashe ni ba a shawarce ni ba, kuma ban ji an yabe ni yadda ya kamata ba. Diyyata kujerun motata. Duka sun yage, ga mai kushin a gida, shekara biyu yana ce mini gobe."

"Wannan tsakaninku ne," in ji Manaja. "Amma soson daga wurina."

Dariyar da aka yi ba mai ƙarfi ba ce, irin wadda ke fitowa bayan an daɗe da riƙe numfashi. Manaja ta koma bakin ƙofa, ta sake kama hannun matar, wannan karon da hannu biyu. "Ƙanwata, ɗazu na yi miki gaisuwar da ba taki ba. Ya haƙurin rashin ɗanki?"

Hawaye suka zubo wa matar, ba ta share ba. Aka jawo mata benci mai kushin ta zauna a baranda, mazan suka taso ɗaya bayan ɗaya, suna tsayawa nesa kaɗan, hannu a ƙirji. Ba su iya ba, ba su taɓa yi ba. Wani ya ce Allah ya sa mai ceto ne, wani ya ce sannu sau uku ya rasa na huɗu. Babban Kafinta ya durƙusa da ƙyar ya ce, "'Yata, Allah ya ba ki haƙurin ɗanki," kuma babu ko ɗaya da ya ce mata wani na tafe. Ta amsa wa kowa da ɗai-ɗai. Daga baya Manaja ta shige ɗaki da ita suka turo ƙofa. Abin da suka faɗa Mai Kushin bai ji ba, ya dai ji fyace hanci, can kuma ya ji dariyar mata biyu, ya tabbata a kan shinkafarsa ce.

Da rana ta yi sanyi aka mayar da bencina mota, don ta ce gaisuwar da aka yi ta ishe ta. Mai Fenti ya nemi gafarar Kawu sau biyu, bai san laifin me ba. Kawu ma ya tayar da motarsa a bugu na huɗu, ya leƙo ta taga ya ce zai je ya huta, mutuwa akwai gajiya. Ya dubi Mai Kushin ya ƙara da cewa, "Da ka tambaye ni aron raina, ɗana, da na ba ka. Amma gaskiyar da ka faɗa daga baya ta fi."

Gidan ya koma shiru. Mai Kushin ya koma kicin, kumfar ta riga ta kwanta, ruwan ya yi sanyi. Ya buɗe famfo ya ci gaba daga tukunyar da ya bari. Yana shirya yadda zai ba ta haƙuri, yana tunanin ko ya fara da ƙaryar ko da abin da ya ce mata ranar Litinin, sai ya ji takunta a bayansa. Ta miƙo hannu ta rufe famfon.

"Ki yafe mini," ya ce.

"Wannan sai na yi tunani, ina da kwana biyar." Ta jingina da bango. "Ina lura ɗazu. Kai an yi maka gaisuwar Kawu, ni an yi mini ta ɗana. Babu wanda ya dawo ya yi maka ta ɗanka." Ta dafa hannunsa, da kumfar da komai. "Ya haƙuri?"

Amsar kalma biyu ce, ya sha faɗinta a gidajen mutane. Ya buɗe baki ta ƙi fitowa. Tun Asabar yake ɗaukar jaka, yake karɓo magani, yake ƙona abinci, kuma ko sau ɗaya bai ɗauka yana da rabo a cikin kukan ba.

"Na yanka masa katifa," ya ce. "'Yar ƙarama. Tana ƙarƙashin teburina a wurin aiki, na lulluɓe ta da yadi kada a gani. Na so sai na gama in nuna miki."

Ya zame ya zauna a ƙasan kicin, ya kife fuska a gwiwa yana kuka, kafaɗunsa suna rawa. Ta lallaɓa a hankali saboda ciwon, ta zauna kusa da shi, ta jawo kansa ta ɗora a kafaɗarta.

"Wane launi ne yadin?" ta tambaya.

"Ruwan ƙwai."

"To ka gama ta," ta ce. "Ka kawo mini ita gida."